Ganga Shida a Motar Burodi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Karantina, Jidda, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya ke da maigidanki, Ya kiyaye ku a hawa da gangara, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Amin.

Na san za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da tsakanin ƙofarsa da taki lungu biyu ne kacal. Maganar da ke bakina ta mijinki ce, kuma kin san ba zan iya zaunar da suruki in yi ta yi masa karatu ba. Da na buɗe baki Usman zai sunkuyar da kai ya ce, "Na'am Baba, tayyib Baba," ya tashi bai ji komai ba. In kuma na ce zan faɗa miki baki da baki, uwarki ba za ta bari in kai aya ba sai ta gyara mini labarin. Ko yanzu tana zaune a gefena tana tsinkar lalo, duk layin da na rubuta sai ta ce in karanta mata.

Jiya da Usman ya kawo motar ƙofar gida na ga komai. Na ga gadon da ya kafa a ciki, da labule mai furanni, da ɗan famfon da duk unguwa suka yi layi suna murɗawa. Ya ce ranar Alhamis za ku kama hanyar Abha, can cikin duwatsun kudu, a cikin motar za ku zauna, yana faci da walda ga manyan motoci duk inda aikin titi ya kai. Na ce, "To in ana nemanku fa, ina za a same ku?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai mu ba mu da adireshi. Duk inda muka ga kore, halas, shi ke nan, nan ne gida." Kowa ya yi dariya, ban da ni, don na taɓa jin wannan magana daga bakin wani wawa, kuma wawan nan shi ke rubuto miki takarda.

Ba hana ku tafiya zan yi ba. Abu ɗaya nake nema: wuri guda tabbatacce inda saƙona zai same ki. Kin ga yadda ƙafafuna ke kumbura, kin kuma ji abin da likita ya ce game da zuciyar nan. Ki riƙe wannan a ranki yayin da kike karanta sauran, don sauran duk wautata ce zan jera miki, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Kin tashi kin ji ana ce mini Musa Mai Burodi alhali ba ki taɓa ganin na gasa ko guda ba. Sunan mota ne ya bi ni. Tun ba a haife ki ba, ina tuƙin haya tsakanin Jidda da Makka, wani attajiri ya ɗauke ni in kai iyalinsa Ɗa'ifa shan iska. Ni haifaffen Karantina ne, Ummi. Koren da na sani a duniya shi ne na miyar lalo da na fentin ƙofar masallaci. Sai ga ni a wurin da ciyawa ke fitowa don kanta, babu mai ba ta ruwa, babu mai gadinta. Na tsayar da motar mutane, na fita na tsuguna ina shafa ta, har matar attajirin ta tambayi mijinta ko direban nan yana da taɓin hankali. Na dawo Jidda da ciwon da ba ya jin magani. Zafin da na saba da shi tun ina cikin tsumma ya zama ba na iya jure shi, gumi ya zama cin mutunci, rairayi ya zama abokin gaba.

Cikin wata biyu na sayi tsohuwar motar wani gidan burodi a unguwar Sa'alaba. A jikinta an zana burodi ƙato, a cikinta kuma ƙamshin burodi ya kama ƙarfe, babu sabulun da ya iya fitar da shi. Na cire katakan jera kaya, na shimfiɗa tabarma, na ce gida ya samu. Sana'a kuwa na iya gyaran risho da fitila mai famfo, na ce mutanen duwatsu ma ai suna girki. Uwarki tana amarya wata bakwai, ta bi ni don a lokacin tana ganin duk abin da na faɗa hikima ce. Ta ce in rubuta cewa ta warke daga wannan tuni. Inna, kakarki wadda kika ci sunanta, ita kaɗai ta yi mini tambayar da na yi wa Usman. Na buga ƙirji na ce, "Inna, ƙasar Allah ce adireshina." Ta dube ni ta ce, "To, Allah Ya kiyaye," ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Kuskurena na farko ruwa ne. Ke kin tashi da famfo a bakin lungu, ba ki san yadda muka tashi ba. Mu ruwa saye ake yi garwa-garwa daga ɗan ga-ruwa, kuma ina yaro har na injin tace ruwan teku mun sha, mai ɗanɗanon tsatsa. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi za a wanke kwano, na kwanon a yayyafa a tsakar gida. Yaron da ya zubar da moɗa guda sai ya kwana da zanen bulala. Mutumin da ya tashi haka, in ka ce masa zai yi tafiya mai nisa, tunaninsa na farko ruwa ne, na biyu ma ruwa. Na samo ganguna shida na cika su fal, na ɗaure huɗu a ciki, biyu a sama. Uwarki ta ce bakwai ne. Shida ne, ni na ɗaura su. Motar ta tsuguna a kan tayoyin baya tun ba mu bar unguwa ba, ni kuwa ina ta yi wa mutane bankwana da hannu ta taga kamar wani babban mutum.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya mun tafi lafiya, ko da yake jaki ya wuce mu sau biyu. Da muka fara hawan dutse sai mota ta fara tari. Na sa giya ta biyu, ta ƙi. Na sa ta ɗaya, ta yi ƙugi, ta yi rawa, lagireto ya tafasa, ta tsaya cak a daidai wata kwana inda hanyar ba ta ɗaukar mota biyu. Sannan ta fara tunanin komawa Jidda da baya. Na danne birki da ƙafa biyu ina kiran uwarki, ta yi tsalle ta fita da lulluɓinta tana cusa duwatsu a bayan taya tana salati da ƙarfi.

Kafin a jima manyan motoci huɗu sun yi layi a bayanmu suna ta oda. Wani direba, ɗan Yaman, gajere mai kumburarren kunci, ya sauko ya leƙa cikin motar ya ce, "Ya ɗan'uwa, me ka ɗauko haka? Fetur?"

Na ce, "Moya. Ruwa ne."

Ya ce, "Ruwan me? Zamzam?"

Na ce, "Ruwan sha, na Jidda."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sai ya juya ya kira sauran direbobin ya ce su zo su ga mutumin da zai kai wa dutse ruwa. Suka taru suna dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Suka ce in zubar. Na ce sai dai a zubar da ni. Uwarki ta zo kusa ta ce a hankali, "Malam, halas, ka zubar, mutane na kallonmu." Na ce mata ba ta san darajar ruwa ba, ita da ta fi ni sani.

Da na ga za su kama motar su tura ta gefe da ni a ciki, sai na kawo sharaɗi. Na ce ba za a zubar da ɗigo ɗaya a banza ba. Ummi, a kan dutsen nan na sa direbobi huɗu da fasinjojinsu kowa ya yi alwala, wanda yake da ita ma ya sabunta. Na cika musu lagireto. Na sa uwarki ta kwance kayan aurenta masu tsabta ta wanke su, ta shanya a kan duwatsu. Na wanke motar ciki da waje har burodin da ke jikinta ya yi ƙyalli. Duk da haka ganga uku suka rage, na buɗe su da hannuna na juya baya don kada in gani, hawaye na zuba, ɗan Yaman yana bubbuga kafaɗata yana cewa, "Ma'alesh, ma'alesh," wato in yi haƙuri, kamar an yi mini rasuwa. Mota ta tashi kamar ba ita ba. Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba sai ga ƙorama tana gudu a gefen hanya, ruwa garai-garai, wani jaki na tsaye a tsakiyarta yana fitsari. Uwarki ta dai nuna mini shi da baki.

Na ga Usman ya ɗaura ganguna uku a bayan motarku. Ki lallaɓa shi ya bar biyu. In ya yi gardama kada ki yi masa a gaban mutane, don na san da uwarki ta same ni ni kaɗai da tun ganga ta farko na saurare ta. Ki kuma duba kayanki ke ma. Na ji kina cewa za ki tafi da turmi da tukwanen biki. Mutum biyu ne ku, biki kuwa ba a yin sa a cikin mota.

Kuskure na biyu tun a Jidda na tafka shi, sai a can ya biya ni. Da nake shirya motar, tsorona zafi ne. Na ce akwatin ƙarfe ba taga ai gasa mu zai yi, ga shi dama aikinsa ɗaukar burodi. Sai na kai ta wurin maƙeri na sa ya huda rufin, huda goma sha biyu, kowace hannun yaro zai shiga, don iska ta riƙa ratsawa. Duk Karantina aka yaba basirata. Babu wanda ya ce, to in an yi ruwa fa? Wa zai tuna? A garinmu ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, wata shekarar ma ya manta.

Mun wuce Ɗa'ifa mun gangara kudu wajen duwatsun Baha. Wata la'asar sai ga hadari ya sauko har ƙasa, yana tafiya tsakanin gidaje. Ɗigon farko da ya faɗo, jinin Jidda ya motsa a jikinmu. Ni da uwarki muka fito a guje da kwanuka da tasoshi da buta da murfin tukunya, muna jera su a fili muna tara, muna kiran mutanen ƙauye su fito kada ya wuce su. Su kuwa suna tsaye a ƙofofinsu cikin barguna suna kallonmu, wata tsohuwa har tana yi mana addu'ar samun sauƙi. Sai da muka cika komai muka koma mota muna murna, muka tarar ashe babban kwanon da ya fi kowanne tara ruwa shi ne gidan namu. Katifa ta sha, gari ya zama kunu, ashana ta mutu, tsummokaran aikina na iyo. Kwana uku ana ruwan nan. Kuma sanyi, Ummi! Mu da bargo ko ɗaya ba mu zo da shi ba, don ban taɓa mallakar bargo ba a rayuwata. Da asuba haƙorana na kaɗawa har ba na iya karanta Fatiha daidai. Na toshe hudojin da gutsattsarin tsohuwar taya da kwalta, amma har muka rabu da motar akwai guda ɗaya da ke ɗiga, kuma duk yadda aka juya shimfiɗa a kan fuskata take ɗiga.

Don haka kafin Alhamis ki sa Usman ya hau rufin motar da bokiti ya kwarara, ke kina ciki kina kallo. Ku sayi barguna biyu masu nauyi. Gari da shinkafa a gwangwani mai murfi, ba a buhu ba. In an fara ruwa kuma ki zauna a ciki kamar 'yar mutane, kada ki kunyata mu karo na biyu.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna nake jin kunya. Mun iso wani ƙauye da rana tsaka, na hango wani fili shimfiɗe, kore shar, mai laushi, an ma kewaye shi da 'yar katangar dutse. Na ce wa uwarki, "Dubi ikon Allah, har da shinge." A kaina ciyawa ba ta da mai ita, kamar rairayi ne a wurinmu. Na rushe duwatsu kaɗan na shigar da mota har tsakiya, na juya ta sau biyu don ƙofa ta kalli gabas. Muka shimfiɗa tabarma, uwarki ta kunna risho, ni na kwanta ina birgima ina cewa yau ga ni a aljannar duniya. Ashe alkamar wani dattijo ce, Amm Sa'id, wata biyu da shuka.

Ya zo da sanda da wuƙa a ɗamara da 'ya'yansa manya uku. Na sha jinin jikina. Amma kafin ya buɗe baki, don tsabar rashin sani, na tashi na yi masa maraba na ce, "Tafaddal ya Amm, bismillah, zauna, wuri ne na Allah, ga shayi." Na yi masa tayin zama a gonarsa. Ya dubi sawun taya, ya dubi tabarmar, ya dubi burodin da ke jikin mota. Ya ce, "Daga ina?" Na ce Jidda. Ya juya ga 'ya'yansa ya ce, "Ku mayar da sandunan. Daga Jidda yake." Yadda ya faɗe ta, ka ce sunan wata cuta ya ambata. Ya zauna ya sha shayin, sannan ya tsinko ganye ɗaya ya nuna mini ya ce, "Wannan, ɗana, shi ne uban wancan da aka zana a motarka." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Bai karɓi komai a hannuna ba. Ya nuna mini wani tsandauri bayan gidansa ya ce in ajiye motar a can, inda ko akuya ba ta samun abin ci. Na gyara katangar da hannuna, na gyara duk rishon ƙauyen, kuma har muka bar yankin, in yara suka ga motata sai su ruga su tsaya a bakin gonakinsu suna ɗaga hannu. Ki gaya wa Usman, duk koren da ya gani a can gumin wani ne. Kafin ya kashe mota a ko'ina ya nemi babban wurin ya yi sallama, ya tambaya. Tambaya ɗaya za ta samo muku maƙwabci, kuma mai zama a mota ya fi kowa bukatar maƙwabci.

Yanzu maganar zama da miji a cikin akwati. A gida in rai ya ɓaci, namiji ya fita majalisa, mace ta shiga maƙwabta, kafin magariba zuciya ta huce. A mota babu inda za ka. Numfashin mutum ma sai ya zama laifi. Mun yi faɗa da uwarki a kan murfin buta, wallahi murfin buta, na ce ita ta ɓatar, ashe yana aljihuna. Ta ce ta gaji, yaji za ta yi. Na ce, "Yalla, ga hanya, Jidda kwana biyu ce." Ta ɗaure kayanta a zane, ta buɗe ƙofar baya ta fita, ta zagaya, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a kujerar fasinja, ta ja ƙofa ta rufe. Nan ne gidansu.

Kwana biyu tana can. Ni ina baya, tsakaninmu allon katako, ina jin tana tauna gyaɗa. Na ƙwanƙwasa allon na ce ta dawo, ta ce ba a biko ta bango, in ina so in aiko manya. Dole na wanke ƙafa na je wurin Amm Sa'id na yi masa bayanin al'adarmu. Dattijon nan ya sa rigarsa ta Juma'a, ya taho da matarsa, suka tsaya a tagar gaba suna ba uwarki haƙuri, sannan ya zagayo baya ya faɗa mini sharuɗɗanta, ya koma gaba da amsata. Sau huɗu yana zagaya mota. Da aka daidaita, matarsa ta riƙo hannun uwarki ta rako ta taku shida zuwa ɗakinta, har da guɗa. Uwarki ta ce in rubuta cewa har yau ban cika sharaɗi na uku ba. Ban tuna shi ba, ita ma ta ƙi faɗa.

Shawarata, in kin ji zuciya ta taso, ki ɗauki buta ki ce za ki ɗebo ruwa, ki yi tafiyarki har sai kin huce. Shi ma ki bar shi ya buɗe gaban mota ya yi ta ƙwanƙwasa abin da bai lalace ba. Kada ki tambaye shi me yake gyarawa. Kuma duk wanda ya tsinci murfin buta a aljihunsa ya faɗa tun da wuri.

Saura kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. A can kowane ƙauye da ranar kasuwarsa, wannan Asabar, wancan Lahadi, wani Talata, wani Alhamis. Na zama mai bin kasuwa, yau ina nan gobe ina can, ina jin daɗin cewa babu wanda ya san inda zan kwana. Shekara biyu saƙo biyu na aika gida, su ma na baki, cewa muna lafiya, ƙasa kore ce. Ina ganin wannan shi ne 'yanci.

Inna ta kwanta ciwo. Aka tashi ƙanena, Baffanki Haruna, ya nemo ni. Haruna bai taɓa wuce Makka ba. Ya hau lori da 'yar jallabiyarsa shara-shara da silifa. Nemana bai yi wuya ba, don duk wanda ya tambaya ina baƙin mutum mai motar burodi sai ya yi dariya ya nuna masa hanya. Ya isa kasuwar Asabar ranar Lahadi, ya tarar da baƙin mai a ƙasa da tokar murhunmu. Ya isa ta Lahadi ranar Litinin, aka ce jiya na tashi. Sanyi ya sa ya huda buhun gawayi ya zura kansa, birai suka tare shi a hanya suka ƙwace masa guzuri, wani babba a cikinsu har ya tafi da silifa ɗaya. Da ya gaji da bin baya sai ya yi dabara, ya tsallake ya je kasuwar Alhamis tun Talata ya zauna yana jirana. A makon nan ne kuma wani ya ba ni labarin wani kwari da ya fi ko'ina kore, na fasa kasuwar na tafi kallon ciyawa.

Kwana goma sha ɗaya yana bina. Ya same ni da hantsi a gindin ɓaure, ƙafafuna cikin ƙorama, ina ɓare rumman. Na ga wani baƙin abu cikin buhu yana ɗingishi ya nufo ni, na fashe da dariya kafin in gane shi. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, tashi. Inna."

Ban kashe motar ba sai a ƙofar gidanmu. Na tarar da tabarmi a waje, mutane zaune. Kwana uku da binne ta. Da Haruna ya same ni a kasuwar farko, da na yi mako guda a gabanta. Matan gida suka ce kullum sai ta sa a leƙa bakin lungu ko an ji ƙugin mota. Kin san ni ne ɗanta na fari, tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "wannan" ko "yaron nan". Suka ce a kwanakin ƙarshe kunyar ta fita, da sunana take kira, Musa, Musa, a gaban kowa. Sau ɗaya a duniya uwata ta kira sunana, ni kuwa ina can ƙafata cikin ruwa ina cin rumman. Shekara ashirin da wani abu ke nan, Ummi, kuma ban daina jin zafinsa ba. Uwarki ta daina tsinkar lalon, ba ta ce in gyara komai a nan ba.

Ga abin da nake roƙo. Ranar da kuka isa Abha, kafin ku nemi kore, ku nemi kanti ɗaya kusa da tashar manyan motoci, mai shi dattijo wanda ba ya tashi. Ku gaya masa sunanku da nawa. Ki aiko mini da sunansa ta hannun direbobin da ke lodi a tashar Kumra nan Jidda, duk sun san ni, in yana da tarho ki haɗo da lambar. Sannan duk Juma'a, ko kuna bayan wane dutse, Usman ya je ya tambaya ko akwai saƙo. In ya ce nisa, ki karanta masa labarin Baffanki, amma ki tsallake wurin ganguna don in ci gaba da zama surukinsa da mutunci. Ku je ku ga ciyawa, ku yi birgima a kanta in ba ta kowa ba ce, ina taya ku murna har zuciyata. Ni dai ke ba 'yar fari ba ce, ba ni da kunyar da za ta hana ni kiran sunanki, kuma na san zan kira. Ina so ranar da na kira a samu wanda zai kai miki kafin a shimfiɗa tabarmi.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki, Ya ba Usman kasuwa, Ya ba ki haƙurin zama da shi a wuri ƙanƙani. Ya raba ku da tsautsayi, da ruwan kwari, da birkin da ke ƙin kamawa. Ya sa mu sake ganawa ido da ido. Uwarki na gaishe ki, ta ce ki biyo ki karɓi daddawa da kuka kafin Alhamis.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Musa Mai Burodi.